Gudummawar da Aka Kai wa Kawuna

Shekarun baya can da nisa, tun muna cikin Jihar Arewa maso Gabas, lokacin da ko tari za ka yi a Jimeta sai an nemo maka izini daga Maiduguri, ni ɗan kamasho ne a tasha. Jarina baki. Ina iya sa mutumin da ya zo rakiya ya shiga mota ya tafi Mubi, sai ya sauka ya fara tambayar kansa me ya kawo shi. Mahaifiyata takan ce ranar da ake rabon kunya ni ina can ina kiran fasinja.

Wanta kuwa, kawuna, shi ya kwashe rabona ya haɗa da nasa. A Wuro Hausa ya tashi, cikin mutanen Yola na asali, ya sha kunyarsu har ta fi ƙarfinsa. Idan ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Magini ne, duk rayuwarsa jakuna ne suka kawo masa yashi da ƙasa, shi ya sa da ya tsufa ya ce zai rama musu. Ya samu wani fili a bayan gari ta wajen kogi, ya kewaye da zana, ya kafa rumfa, yana jinyar jakunan da kaya ya ci musu baya. Su uku ne a kan aikin. Akwai wata mai koko da duk unguwa ke kira Goggo, ita ke kawo dusa. Akwai kuma wani dattijon mahauci, abokin Kawu, shi ya iya kayar da dabba ya danne ta a wanke mata miki. Soja sun rushe jam'iyyu kaf a ƙasar nan, amma na riƙa gaya wa 'yan tasha saura guda ɗaya: Jam'iyyar Jakuna, Kawu shugaba, Goggo ma'aji, mahauci ɗan banga.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake rabuwa da jaki a lokacin ba. Saniya idan ta faɗi, kafin ta lumshe ido wuƙa ta iso, don akwai nama. Jaki ba mai ci, kuma kowa na tsoron alhakin kashe shi. To idan ya gaza, sai mai shi ya sauke masa akumari, ya ba shi ɗan ƙaiƙayi na ban kwana, ya ja shi bayan gari ya ce, "Na sake ka don Allah, ka yafe mini." Ya dawo gida yana jin ya yi sadaka. Jakin kuma ya tsaya nan inda aka bar shi, ungulu na tsattsagar mikin bayansa yana da rai, har kura ta zo ta ƙarasa.

Ina da wani aboki tun na ƙuruciya, mai sayar da ruwa. Jaka guda gare shi, mace, fara sol, da ita yake ɗebo ruwan Binuwai a garewanin kananzir yana bi gida gida. Ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa makauniya, duk a bayan jakar nan suke cin tuwo. Saboda yadda yake lallaɓa ta na sa mata suna Gimbiya, shi kuma nake kiransa angon Gimbiya. Wata rana akumari ya goge mata baya, ya zuba baƙin mai yadda kowa ke yi, abin ya ruɓe har da tsutsa. Ni na ja shi zuwa wurin Kawu.

Kawu ya duba ya ce, "Za ta warke, ɗana. Amma ka bar ta nan, kada kaya ya taɓa bayan nan sai fata ta haɗe."

Abokina ya ce, "To Kawu, mu ci me?"

Na ce, "Ku ci haƙuri, ango. Amarya ta tafi wankan gida."

Haka ya koma leburanci a bakin kogi yana jira. Lokacin jakunan rumfar ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma Gimbiya ta fara kyau. Ana wanke mikin da ruwan gishiri, a shafa shuɗin maganin nan da Kawu ke roƙowa wurin malamin dabbobi. Har ta fara harbin mahauci, alamar rai ya dawo.

Sai dai shekarar ba ta yi daɗi ba. Damina ta yi rowa, harawa ta zama abin ɓoyo a ɗaka. Ga tifa ta shigo gari tana kwasar yashin da jakuna za su wuni suna jigila, masu jakunan yashi suka rasa aiki, ciyarwa ta gagare su. Dusar Goggo ta daina isa. Ita ce ta kira ni ta ce, "Kai mai bakin nan da ba ya hutawa, yau ga ranarka. Je ka gaya wa mutane muna neman gudummawa."

Jama'a, na yi aiki. Na hau kan buhunan gyaɗa a tasha, na shiga kasuwa, na tare masu fitowa daga masallacin Juma'a. Na ce akwai bayin Allah a bayan gari da ke jinyar marasa baki, mai dusa ya kai dusa, mai harawa ya kai harawa, ko kara ne ana so. Na ce ladan wurin nan ko da tifa aka zo ba za a kwashe shi ba. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu share hawaye.

Washegari gudummawa ta fara isowa. Da ƙafafunta.

Wani mai jigilar yashi ne ya fara. Ya sa rigarsa ta salla, ya jawo wani tsohon jaki da haƙarƙarinsa ke waje kamar kwarangwal ɗin kwalekwale. Ya yi sallama, ya durƙusa, suka gaisa da Kawu har gaisuwa ta gaji. Sannan ya miƙa igiya da hannu biyu ya ce, "Na ji ana neman gudummawa. Ni ba ni da komai sai wannan. Na ba jam'iyya, don Allah."

Na buɗe baki, Kawu ya harare ni. Ya miƙe, ya karɓi igiyar da hannu biyu shi ma, ya yi godiya da Fulatanci ya ce, "Usoko, usoko. Allah ya saka da alheri." Har rakiya ya yi masa zuwa bakin hanya.

Da ya dawo Goggo ta ce, "Malam, dusa muka roƙa, aka kawo mana baki."

Ya ce, "Mutum ya tako har ƙofata da kyauta, in ce masa ya koma da ita? Da wane idon?"

Kada ku ce mutane ba su ji abin da na faɗa ba. Sun ji sarai. Harawa ce ke da tsada, jaki mai mutuwa kuwa kyauta ne. Da can idan ka sake shi a daji akwai ɗan abin da ke sukar zuciyarka in ka ga ungulu na shawagi ta wajen. Yanzu ga inda za ka kai shi a yi maka godiya, a raka ka, ka tafi da lada. Wa zai ƙi? Labari ya haye kogi. Daga Girei ake jawo su, daga ƙauyukan hanyar Numan, wasu har jirgin fito ake biya musu. Guragu, makafi, masu ƙari a wuya, masu kofato ya nannaɗe kamar takalmin sarki. Na rantse har na fara zargin jakunan da kansu ke gaya wa juna. Idan ka tsaya a ƙofar rumfa ba ka ganin ƙasa, sai bayan jaki da ƙuda.

Abin da ya fi muni shi ne rabo. Kawu ba ya iya ba wani abinci wani na kallo. Duk abin da aka samu sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa tafin hannu guda, kamar rabon goron ɗaurin aure. Goggo ta yi magana har muryarta ta dushe.

"Malam, ware waɗanda za su tashi ka ciyar da su. Wancan mai ƙarin ko buhu ka ba shi ba zai kai kasuwa mai zuwa ba."

"Ni zan zaɓi wanda zai mutu, Goggo? Ni na halicce su?"

"To ai yanzu ka zaɓa musu duka."

Ya ci gaba da rabonsa.

Abokina ya ga Gimbiya na zubewa. Daga ɗan abin da yake samu a leburanci sai ya rage na gida ya sayo mata dusa a ƙulle cikin tsumma. Ranar farko ya yi kuskure ya miƙa wa Kawu. Kawu ya yi godiya, ya juye a cikin ƙwaryar rabo. Ina kallon fuskar abokina lokacin da dusar 'ya'yansa ke shiga bakin wani makahon jaki daga Girei.

Da muka fito na ce, "Mutumina, ɗauke matarka daga gidan nan."

"Mikin bai gama haɗewa ba. Kawu ya ce saura kaɗan."

"Ka kai ta gida ya ƙarasa haɗewa a can."

"In ce wa dattijo me? Ya yi mini jinya kyauta, in zo in kwance ta a gabansa, kamar na ce ya kasa?"

"To sace ta. Ni zan tsare shi da surutu, kai ka bi ta bayan zana."

Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa an daɗe. Ya ce, "In saci jakata? Kai dai ɗan tasha ne har kabari. Bari Juma'a ta zo, zan san yadda zan faɗa masa da ladabi."

Kun ga inda muke. Shi yana jin kunyar Kawu, Kawu yana jin kunyar gari, garin kuwa ya sauke kayansa ya tafi.

Yunwar jaki ba ta da kyan gani. Sun cinye zanar da aka kewaye su da ita har sai da Kawu ya sa ƙaya. Sun gwaigwaye ginshiƙan rumfa. Suna tauna wutsiyar juna. Da safe sai an duba waɗanda ba su tashi ba, a ɗaura musu igiya a ƙafa a ja su zuwa kwari. Ungulu sun daina ma tashi idan mun zo, sai dai su matsa mana hanya kamar abokan aiki. Ni da nake zuwa don in samu abin ba 'yan tasha dariya, na koma ina zuwa jan igiya, kuma labarin ya daina fita bakina.

Ba a kai Juma'ar ba. Ranar Laraba da hantsi ina tasha Goggo ta aiko a kira ni, ta ce in biya bakin kogi in taho da abokina. Mun tarar da Gimbiya a ƙasa tana birgima, cikinta ya kumbura kamar ganga. Ta cinye tsohon buhun da ake rufa mata a baya saboda ƙuda, har da igiyar da aka ɗaure shi. Abin ya tsaya mata a ciki, ba gaba ba baya. Aka ɗura mata man gyaɗa, aka ɗura ruwan kanwa. Na ruga neman malamin dabbobi, aka ce ya fita rangadin allurar shanu, sai wani mako.

Tana tashi tana faɗuwa, tana buga kai da ƙasa har gefen idonta ya fashe. Ba ta yi kuka irin na jaki ba, wani nishi take yi daga can ciki. Rana ta take, abokina ya cire rigarsa ya tsaya yana yi mata inuwa. Da azahar ta wuce mahauci ya taɓa cikin, ya dubi Kawu, ya girgiza kai.

Abokina ya juya wurinsa ya ce, "Baba, don Allah ka hutar da ita."

Mahauci ya ja da baya. Wuƙarsa na nan a kugu, kowa na ganin ta.

"Ɗana, ba zan iya ba."

"Ni ne mai ita, ni na ce. Alhakin a wuyana."

"Ba alhakin kaɗai ba ne. Idan aka ji a kasuwa wuƙata ta hau wuyan jaki, wa zai sake sayen nama a teburina? Har jikokina sai an ce musu jikokin mai yanka jaki. Ina da iyali, ɗana."

Abokina ya dube ni. Ni da ke cika baki a tasha cewa na taɓa kama kada da hannu ɗaya, ko kaza ban taɓa yankawa ba. Na sunkuyar da kai. Ya dubi Kawu, Kawu na tsugune ya rufe fuska da hula. Shi kansa abokin nawa ya miƙa hannu kamar zai karɓi wuƙar, hannun ya tsaya a hanya, ya koma.

Haka muka kewaye ta, maza huɗu da mace ɗaya, kowa na tsoron Allah da bakin mutane, har la'asar ta yi sanyi. Sannan ta miƙe ƙafafu ta yi shiru.

Da muka zo ɗaura igiya aka juya ta, sai ga bayan. Ya warke sumul. Fata ta haɗe, har gashi ya fara tsirowa, fari tas. Abokina ya sa tafin hannu a wurin ya daɗe. Ya ce, "Kawu, aikinka ya yi kyau." Wallahi ba da gatse ya faɗa ba, kuma da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Kawu ya tashi ya shiga bayan rumfa, muka ji yana amai.

Daga baya Kawu ya ce wa abokina ya zaɓi duk wanda yake so a cikin sauran. Abokina ya zagaya rumfar ya dawo hannu wofi. Babu mai iya ɗaukar garwa ɗaya a cikinsu. Bayan kwana kaɗan na hango shi yana hawowa daga kogi, sanda a kafaɗa, garwa gaba garwa baya, yana tafiyar nan ta 'yan garuwa kamar mai rawa. Rabin gidajen da yake kai wa ruwa sun koma wurin wasu, don ƙafar mutum ba ta kai ta jaki sawu. Babban ɗansa ya bar makaranta a shekarar. Na buɗe baki in tsokane shi yadda na saba, na rasa ta inda zan fara.

Kawu ne ya aiko kirana. Ya ajiye mini kujera a ƙofar rumfa ya ce, "Kai Allah bai ɗora maka abin da ya ɗora mini ba. Zauna nan. Duk wanda ya zo, kai da shi. Ni ina ciki, ban ji ba, ban gani ba."

Goggo ta ce, "Yau rashin kunya ya samu aikin gwamnati."

Doka ɗaya na kafa: jaki ba ya shiga sai da abincinsa a bayansa, kuma mai shi ya riƙa dawowa da ƙari. Wanda na fara yi wa ita wani tsoho ne daga Vinikilang. Ya hayo kogi da wani jaki mai ɗingishi, shi ma tsohon yana ɗingishi, har ba ka san wa ke jan wani ba. Ya gaishe ni kamar wani hakimi, ya ce da irin Hausarsu ta can, "Matana ya ce in kawo nan. Ya ce nan ana tausayi."

Na ce, "Baba, ina harawarsa?"

"Da ina da harawa, zan kawo shi?"

"To babu wuri."

"Ɗana, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, Baba. Babu wuri."

Ya leƙa ta saman kaina yana neman Kawu. Na san Kawu na bayan ƙaya yana jin komai, ina jin numfashinsa. Bai fito ba. Tsohon ya tsaya ya tsaya, sannan ya ja jakinsa zuwa gindin wata tsamiya nesa kaɗan, ya kwance igiyar, ya yi masa magana a kunne, ya tafi bai waiwaya ba. Jakin ya juyo ya fuskanci rumfa yana kallon na ciki suna cin dusa. Daga kujerata babu yadda zan zauna ban gan shi ba. Na juya kujerar, na ji idonsa a ƙeyata. Bai matsa daga gindin tsamiyar nan ba har ranar da muka ja shi zuwa kwari.

Gari ya zage ni son ransa. Aka ce ɗan tasha ya shiga tsakanin mutane da lada. Amma gudummawa mai ƙafa huɗu ta ragu, kuma wasu 'yan kaɗan, da suka ga da gaske ake, suka fara kawo dusa da kara. A cikin jakunan da suka rage, waɗanda suka ga damina sun fita da ƙafafunsu. Ba su da yawa. Kawu ya riƙe rumfar har ƙarfinsa ya ƙare, kuma bai sake karɓar igiya daga hannun kowa ba, bai kuma taɓa ce mini na kyauta ba.

Yanzu nakan ga yara masu ƙungiyoyin ceton dabbobi suna neman taimako, mutane na yi musu dariya, wai mutum bai ƙoshi ba ana maganar jaki da kare. Ni ba na dariyar. Na ga gidan da jaka ɗaya ta riƙe, na ga yadda ya koma da ta faɗi. Idan ina da hali nakan aika musu da abin da dabba za ta ci, ba addu'a kaɗai ba, ba kuma matsalata a ɗaure da igiya ba. Kuma nakan tambaye su wa ke zaune a ƙofarsu. Idan suka ce su ba sa mayar da kowa, sai gabana ya faɗi.

Abokina ya yi shekaru yana ɗaukar ruwa a kafaɗa kafin ya sake mallakar jaki. Mun tsufa tare, na tsokane shi a kan furfura, a kan haƙoran da suka zube, a kan komai. Amma tun daga ranar Larabar nan ban sake kiransa ango ba, shi ma bai taɓa tambayata dalili ba.